Kyamarar da za ka saya da guminka

Ka ce ka ɗan tara wani abu daga kuɗin ɗaukar biki, kana son kyamara taka ta kanka, ba ta shago ba, wadda za ka riƙa ɗaukar 'yan gida da ita, ka fita da ita ran hawan sallah. Kuma ka ga wata ana talla a waya, sabuwa dal a kwali, an rubuta mata megafiksel 48, wato yawan ɗige-ɗigen da suke haɗa hoto, da bidiyo 4K, kuɗinta ko rabin na wayarka bai kai ba. To jawo benci ka zauna, yarona, kafin wani ya shigo ɗaukar fasfo.

Waccan dai ka cire ta daga ranka. An sha kawo min irinta nan shago wai in gyara saiti, alhali babu abin gyarawa. Ba sunan kamfani a jikinta, ba ta da nauyi, kamar ka ɗauki gwangwanin madara da aka shanye. Sensar da ke cikinta ba ta fi ƙwayar wake ba, lambar nan 48 kuwa hura hoton kawai ake yi ya kumbura. Araha ba ta ado. Wayar da ke aljihunka ta fi ta hoto nesa ba kusa ba.

Abin da za ka fara tambaya shi ne girman sensa, wato wurin da haske yake sauka, inda fim yake zama a zamaninmu. Lokacin da muke loda fim mai ɗauka 36, kowane hoto faɗinsa milimita 36 ne da 24. Kyamarorin da nake so ka duba, sensarsu ta kai wajen milimita 23 da 15, kusan kan sarki ke nan. Ka tara ruwan sama da baho, wani ya tara da kofin shayi, wa zai fi samu? Haka haske yake. Da tsakar rana kowace kyamara jaruma ce. Sai bayan magariba, ko a zaure, ko a ɗakin amarya an ɗauke wuta, a nan ake gane ta gaske. Megafiksel kuwa, in za ka wanke hoto girman takardar A4 ya fito tas, kamar 9 ya ishe ka. Canon 1100D mai 12 kacal, da ita mutane da yawa suka ci abinci.

Da kuɗin da ke hannunka, ta hannu za ka nema, ta kamfanin da aka sani. Akwai Canon 600D da ta fito a 2011, mai megafiksel 18, allonta yana juyawa. Akwai Nikon D3200 ta 2012 da ƙanwarta D3300 ta 2014, dukansu 24. Sony a6000 ma ta 2014 ce, ba ta da nauyi, tana da saurin kama fuska, sai dai batirinta ba ya jimawa kamar na waɗancan. In ni ne kai, 600D zan ɗauka. Ba don ta fi sauran ba, a'a, don kayan shagon nan na Canon ne, ranar da kake son aron ido ko filashi ba sai ka je roƙo wani wuri ba.

Ido, wato gilashin gaba, shi ne inda yara suke yin kuskure. Su zuba kuɗinsu kaf a jikin kyamara, su bar ta da duk abin da aka liƙa mata. Wanda take zuwa da shi, 18-55, ba laifi, zai yi maka taron suna da hoton tsakar gida. Amma in ka samu rara, ka ƙara da 50mm f/1.8. Shi ne mafi arha cikin idanu masu kyau, yana shan haske sosai, shi ke narkar da bayan mutum fuska ta fito ita kaɗai, irin hoton da 'yan mata suke cewa a yi musu. In kuma Nikon ka saya, ga tarko: jerin D3000, irin su D3200 da D3300, ba su da motar saita gani a jikinsu. Tsohon 50mm mai harafin D zai hau, amma da hannu za ka riƙa murɗawa. Mai G, wanda aka rubuta wa AF-S, shi ne naka.

Ranar saye, ko Sabon Gari ne, ko Beirut Road, ko hannun wani mai hoto da zai canza kaya, da rana za ka je, da memorinka a aljihu. Ka sa ta a f/16, wato ka tsuke ƙofar da haske yake shiga ta idon, ka ɗauki farin bango ko sarari, ka jawo hoton ka duba. Ɗigo biyu uku ƙura ce, ana gogewa. Layi ko tabon da ya ƙi goguwa kuwa, ka ajiye musu kayansu. Ka cire idon ka haska tocilan ta cikinsa, in ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo funfuna ce, kayan da suka zauna wuri mai laima suna yin ta. Ka tambayi sau nawa aka danna ta. Irin waɗannan ƙananan an yi su ne su kai wajen danna 100,000, wadda ta yi 20,000 yarinya ce, wadda ta haura 80,000 ta ga jiya ta ga yau. Ta Nikon adadin yana cikin bayanan hoton, ta Canon sai an haɗa da kwamfuta. Kuma ka karɓi rasit mai lambar jikin kyamarar, kada wata rana a zo a ce ta sata ce.

Kada ka ƙarar da kuɗin a wurin. Kana bukatar batir na biyu, da jaka mai zif, da ɗan famfon hura iska, da abin karanta memori da ake soka wa waya, don 600D da D3200 ba sa tura hoto da kansu. Memori kuwa jabu ya yi yawa, za a rubuta gigabait 64 ya cika tun bai kai ko'ina ba, ya tafi da hotunan sunan ɗan yayarka. Gara 32 na gaske.

Sai ƙurar garin nan. Da hunturu, ko ran Hawan Daushe a Ƙofar Kudu dawaki sun tayar da ƙasa, kada ka kuskura ka cire ido a waje. In ya zama dole, ka shiga mota ko wani shago, bakin kyamarar yana kallon ƙasa. Kuma na ga kana goge gilashi da bakin riga, daga yau ka daina.

Buɗe kabad ɗin can, akwai tsohuwar 600D a ƙasa, batirinta na cikin durowa. Ka tafi da ita gida kwana uku, ka ɗauki su Inna da safe da kuma bayan isha'i, ka kawo min in gani. In hannunka ya karɓe ta, ran Asabar sai mu rufe da wuri mu shiga kasuwa tare.