Kafin ka zaɓi tsari, je ka ga yadda suke ɗaure buhu

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce wata ƙungiya ta ba ka aikin shirya horo ga wakilan manoma na ƙauyukan Mirriya, Magariya da Matamaye kan ajiyar wake a buhun nan mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, kuma ba kuɗin tara su a Damagaram, sai dai a koyar ta waya. Cikin tsare-tsaren da masana suka fitar na shirya horo, ka karanta ADDIE, ka karanta tsarin Dick da Carey, ka ji ana yabon SAM, kanka ya ɗaure, kana tambaya: "Maigida, wanne ya fi?"

Ɗauki ADDIE. Shi masu ba da kuɗi suka fi sani, kuma ba zai ruɗa ka ba. A 1975 aka fito da shi a Jami'ar Jihar Florida domin horar da sojojin Amurka, matakinsa biyar: bincike, tsarawa, haɗa kayan darasi, gabatarwa, sannan aunawa. Sai dai ka tuna soja yana da kuɗi da lokaci da ma'aikata, kai kuwa kai kaɗai ne da kwamfutarka, ga kuran yana zuwa yana tafiya. Don haka kar ka ce sai ka gama mataki ɗaya tsaf kafin ka leƙa na gaba. Daga Dick da Carey, da suka fitar da nasu a 1978, abu biyu nake so ka aro: rubuta gwaji kafin ka rubuta darasi, da jarraba darasin a kan mutum ɗaya-ɗaya kafin ka sake shi ga jama'a. Shi kuwa SAM, wanda Michael Allen ya yaɗa a 2012, cewa yake ka yi samfuri da wuri ko da bai yi kyau ba, ka nuna, ka gyara, ka sake nunawa. Ukun nan ba faɗa suke yi da juna ba.

Abin da ya dame ni a saƙonka shi ne ka cika shi da sunayen tsare-tsare, ba ka faɗa mini ko mutum ɗaya da za ka koyar ba. Tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya auna mai riga. Hau mota ranar kasuwar ɗaya daga garuruwan nan, ka zauna wurin masu wake, ka roƙi wani ya nuna maka yadda yake ajiye nasa. Kar ka gyara masa komai, ka dai zuba ido.

Tambayar farko da za ka amsa wa kanka ita ce: rashin sani ne matsalar, ko wani abu daban? In mutum ya iya ɗaure buhun sarai amma ba a sayar da shi a kasuwarsu, ko bashi ya tilasta masa sayar da wakensa tun da kaka lokacin da farashi ke ƙasa, to ko darasi ɗari ka tura masa ba abin da zai sauya. Irin wannan ka rubuta wa ƙungiyar ƙarara, aikinsu ne su warware. Na ga horo da yawa da aka kashe wa kuɗi alhali ciwon ba a nan yake ba, kuma abin yana ba ni takaici, don manomi ne ake ɓata wa yini.

Sai ka duba wayoyin da ke hannunsu. Nawa ne ke da babbar waya mai WhatsApp, nawa ne ke da ƴar ƙarama mai maɓalli? Ina suke samun rezo, a cikin gida ko sai an hau tudu? Wa ke biyan mega, wa ke biyan mai caji? Wa ke karanta boko, wa ke karanta ajami, wa ba ya karatu sam? Ka kuma kula da wannan sosai: a gidaje da yawa mace ce ke sheƙe waken, ita ke adana shi, amma wayar tana aljihun mijinta. In ba ka yi dabarar da darasin zai kai kunnenta ba, ka koyar da wanda ba shi ke aikin ba.

Da ka dawo, rubuta manufa. Masanin koyarwa Robert Mager tun 1962 ya nuna cewa manufa mai amfani tana faɗin abu uku: me mutum zai yi, a wane hali, kuma da me za a san ya yi daidai. Kar in ga ka rubuta "manomi zai fahimci muhimmancin ajiya". Fahimta ba a ganinta da ido. Rubuta haka: in an ba shi buhu da leda biyu da igiya da busasshen wake, zai bincika ledojin, ya cika, ya ɗaure kowane ruɓi daban ba tare da an tuna masa ba, iska kuma ba ta fita in an danna. Wannan jimla ɗaya ita ce gwajinka, ita ce kuma za ta faɗa maka abin da zai shiga darasi da abin da za ka zubar.

Buhun, wanda masana Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Ana cika leda da iska a riƙe bakinta a matsa, a ji ko tana tsiyaya. A sa ta farko cikin ta biyu, a sa su cikin na waje, a zuba wake busasshe da aka tsince, ana girgizawa yana zama. Sai a matse iskar da ta rage a sama, a murɗa bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Haka ta biyu, haka na waje, kowanne da igiyarsa. A ɗora a kan katako, nesa da bango saboda ɓera. Ka ga duk wannan aikin hannu ne, bidiyo yake so, kuma hannun kawai za ka ɗauka, kusa-kusa, musamman wurin murɗawar nan. Amma dole ka ba su dalili da baki: ba magani a ciki, ƙwarin ne ke shanye ɗan iskar da ke buhun su mutu. Wanda bai san haka ba zai riƙa kwance buhu duk mako yana ɗibar tiya ɗaya, bayan wata uku ya ce buhun banza ne.

Yanzu batun nesa. Michael Moore, wanda ya daɗe yana nazarin karatu daga nesa, ya ce tazarar da ke tsakanin malami da ɗalibi ba a kilomita take ba, tana cikin yawan magana da ke gudana tsakaninsu da yadda aka ɗaure tsarin darasin. Mu a Nijar ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƙungiyoyin sauraron rediyo sun fara tun 1962: a taru a saurara, jagora ya buɗe muhawara, a naɗi ra'ayin mutane a mayar gidan rediyo. A 1964 kuma aka fara koyar da ƴan lakwal ta talabijin, kuma ko a can akwai mutum a cikin aji yana bi da yara bayan an kashe akwatin. Kai ma haka za ka yi. A kowane ƙauye ka samu mutum ɗaya mai babbar waya wanda ake jin maganarsa, ka samu mace ɗaya da za ta tara mata. Su za su kunna darasin, su raba shi ta Bluetooth ga masu ƙananan wayoyi, su sa kowa ya kama igiya da hannunsa.

Saƙon murya kar ya wuce minti uku, abu ɗaya a kowane saƙo, da Hausar da suke yi a gona. Bidiyon ka rage masa nauyi, mega kuɗi ne. Kowane darasi ya ƙare da aiki: a ɗauko maka bidiyon mutum yana ɗaurewa a turo. Kai kuma ka amsa kafin kwana biyu, ka kira sunansa, ka ce masa wurin lanƙwasawa ne ya yi sako-sako. Ranar da ka fara barin saƙonsu yana kwana uku, huɗu ba amsa, ranar kwas ɗinka ya fara mutuwa, ko da kuwa bidiyonka ya fi na kowa kyau. Lokaci ma ka lura da shi. Tsakiyar damina suna noma, ba mai sauraronka. Ka fara dab da girbi, ka riƙa turawa bayan isha'i.

Kafin duk wannan, kai samfurin farko wurin mutum uku, har da tsohuwa ɗaya da ba ta karatu. Ba ta wayar da buhu, ka ja bakinka ka yi shiru. Duk inda ta tsaya tana dubanka, darasin ne ke da gyara a nan.

Aunawa kuma a yi maganarta tun yanzu, kafin ka sa hannu a takardar aiki. Masanin horo Donald Kirkpatrick a 1959 ya kasa ta hawa huɗu: sun ji daɗin horon, sun koya, suna aiki da shi, sannan ya haifar da sakamako. Yawancin rahotanni a hawa na farko suke tsayawa, tunda ba wanda zai ce bai ji daɗi ba gaban wanda ya ba shi kuɗin zama. Kai aikinka ya zo da sauƙi, domin wake ba ya ɓoye gaskiya. A ɗaure buhu a kowane ƙauye gaban mai gari da kaka, a ajiye wani waken a buhun da aka saba, bayan wata huɗu zuwa shida a buɗe duka biyun gaban jama'a. Gani ya kori ji. Ka sa ƙungiyar ta ware kuɗin wannan komawar tun farko, in ba haka ba lokacin da za a buɗe buhu an riga an rufe lissafi.

Ranar Alhamis in ka taso daga kasuwar Dole ta Damagaram ka biyo ta wurina. Ka zo da manufar a rubuce, da saƙon muryarka na farko, da buhu ɗaya da igiya. Kai za ka fara ɗaure mini shi.