Tambaya da Amsa: Ƙwayar kudan zuma ta kumburi da kishi

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Daga Talata Mafara nike, ina da ciki wata bakwai, sati biyu kenan ƙafafuna sun kumbura ko silifas baya shiga, da safe fuskata ma sai ta haye, zobena sai da sabulu na cire shi. Ga maigida zai ƙara aure bayan sallah, wlh ko bacci bana iyawa, abu kaɗan sai kuka sai faɗa da yara. Wata a guruf ɗinmu na WhatsApp ta saida min wasu ƴan ƙwayoyi farare kamar tsabar gero, an rubuta Apis mellifica 30C a jikin kwalbar, tace da kudan zuma aka yi shi, yana sauke kumburi yana kashe zafin kishi, kuma ai Allah yace akwai waraka a zuma. Kwana biyar ina tsotsa kumburin na nan, jiya ma kaina yayi ta sara. In ci gaba ko in ƙara yawa? Mi za ni yi?

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Kafin maganar ƙwaya, yau ɗin nan ki sa hijabi ki tafi babban asibitin garinku a auna jininki a duba fitsarinki, kar ki jira ranar awo. Kumburin ƙafa kaɗai masu ciki da yawa suna yi, amma in ya hau fuska da yatsu ga ciwon kai a wata bakwai, toh abin da muke tsoro shine hawan jinin ciki, wanda in an bar shi yake kai mace ga jijjiga. In awon ya kai 140/90 kuma aka ga furotin a fitsari akwai magani akwai allura, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Gusau. In kika fara gani dishi-dishi ko ciwo a saman ciki, ko tsakar dare ne a nemo mota. Ni da idona na ga wadda aka shigo da ita an kinkimo a zani, ta taune harshenta jini na zuba, uwarta na kuka tana cewa ai kumburin ciki ne kawai muka ɗauka, har yau bana son tuna wannan daren.

Ita ƙwayar, irin maganin da ake kira homiyofati ne, wani likita Bajamushe Samuel Hahnemann ya kawo tsarin a 1796, wai abin da ke jawo ciwo shi zai warkar da shi in an sirka shi sosai. Tunda harbin zuma na kumbura jiki sai suka ce kudan zai sauke kumburi. Kudan kansa ake niƙewa a jiƙa a ruwan giya, a ɗebi ɗigo 1 a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko ruwan giya a girgiza, a sake ɗiban ɗigo 1 daga nan a zuba cikin wani 99, haka har sau 30, shine 30C ɗin da kika gani. Tun wajen sirki na 12 ba sauran komai na kudan a ciki, sai a ɗiga ruwan kan ƙwayar sukari, shi yasa kike jin zaƙi. Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba lamarin a 2015 tace ba cuta ko ɗaya da aka samu ingantacciyar hujja cewa homiyofati na warkarwa, a 2017 hukumar lafiyar Ingila ma ta ce likitocinta su daina rubuta shi. Don haka ko kin shanye kwalbar kumburin ba zai sauka saboda ita ba, damuwata kwana biyar ɗin nan da ta cinye miki.

Maganar aya kuma gsky ta ɓata min rai. Suratun Nahl zumar da ke fitowa daga cikin kudan ta ambata, ba niƙaƙƙen kuda a sukari ba, bai kamata a jingina kasuwanci da Alƙur'ani haka ba.

Sai kishi. Ƙanwata ba ciwo bane da za a tsotsa wa ƙwaya, mijinki zai kawo wata kina ɗauke da tsohon ciki, dole ranki ya sosu, kuma ba laifi kika yi ba. Ki samu mamanki ko yayarki ki amayar da abin da ke ranki, ki riƙe azkar, shi ma maigidan a zaunar da shi ya san halin da kike ciki, in da hali shi zai raka ki asibitin. Ki faɗa wa malamar awo batun rashin baccin da kukan, in ya zarce sati biyu kullum akwai likitan da ke duba damuwa. Kwalbar ma ki tafi da ita ki nuna musu. Ki rubuto min nawa jinin ya nuna, ina jira.