Ƙungiya ba ta iya tsige muku fasto

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyar Baptis da cocinku ke ciki za ta iya tsige fastonku ta turo muku wani, tunda kun saɓa da ita. A'a. A tsarin Baptis ikilisiya ce ke kiran fastonta, ita ce kuma ke sallamarsa, a taron membobi da ƙuri'a. Ƙungiya ba ta da bishop mai ba da umarni. Ikilisiyoyi ne suka haɗu da son ransu don aikin bishara, makarantun tauhidi da taimakon juna. Abin da take da iko a kai shi ne zumuncinta: tana iya cewa ba ta tafiya da ku. Haka wata babbar ƙungiyar Baptis ta ƙasar Amurka, Southern Baptist Convention, ta yi wa cocin Saddleback, wani babban coci a jihar California, a 2023 kan naɗa mata fastoci, amma cocin ya ci gaba da ibada a gininsa da shugabanninsa.

Sharaɗi ɗaya dai, kuma na gan shi da idona: ku duba takardu kafin ku ɗaga murya. Wata ikilisiya da na sani ta yi ta bugun ƙirji da 'yancin kai, ashe takardar filin cocin da sunan ƙungiya aka rubuta ta tun zamanin masu mishan. Bakinsu ya mutu. Ku karanta tsarin mulkin cocinku, ku ga wa ke da fili, wa ke riƙe da fanshon fasto, sannan ku san inda za ku tsaya.