Shin "climax" tana nufin ƙarshen labari?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina yawan cin karo da kalmar "climax" a sharhin fina-finai na Turanci. Wata ƙawata ta ce ma'anarta ƙarshen fim. Haka ne? Kuma yaya ake amfani da ita?

Amsa: Barka kadai, malama. Ƙawarki ta kusa, amma ba ta kai ba. Climax ita ce ƙololuwa, wurin da rikicin labari ya kai intaha, ba sauran ja da baya. Ƙarshe kuwa sai bayan ƙura ta lafa.

Ki ɗauki labarin mutumin da aka yi wa ƙazafin kisa. An kama shi, shaidu sun juya masa baya, lauyansa ya rasa madafa. Ran yanke hukunci, alƙali ya gyara tabarau ke nan zai karanta takarda, sai ga matar da aka ce ya kashe ta shigo kotu da ƙafarta. Wannan ɗan lokacin da mai kallo ya kasa ko ƙifta ido shi ne climax. Sakinsa da komawarsa wurin iyalinsa duk saukowa ce.

Asalin kalmar daga Girkanci take, klimax, wato tsani. Ta shigo Turanci a ƙarni na 16 a matsayin kalmar balaga: jera maganganu, kowace ta fi wadda ta gabace ta ƙarfi. Daga baya aka manta da sauran matakalar, aka bar sunan ga ta can sama kaɗai. A 1863 wani marubuci Bajamushe, Gustav Freytag, ya fasalta wasan kwaikwayo kamar dala mai kashi 5, ya ajiye ƙololuwar a tsakiya. Fina-finan yanzu kuwa suna jan ta har dab da ƙarshe, kuma ina ganin nan ne ƙawarki ta ruɗe. Ban ga laifinta ba, don wani fim ɗin da an kashe mugu sai sunaye su fara hawa.

Wajen amfani, Turawa kan ce "the story reaches its climax", labari ya kai ƙololuwarsa. Kalmar ba ta tsaya kan adabi ba, ana faɗarta ga wasan ƙwallo da ya kai bugun fanareti, ko daren ƙarshe na yaƙin neman zaɓe. Idan kuma an tara wa mutane ɗoki aka ƙare a fanko, "anticlimax" ke nan.

Ki kula da siffarta, "climactic". Da kin yar da harafin c na tsakiya ta koma "climatic", zance ya juya ga yanayin zafi da ruwan sama. Sannan kalmar tana da wata ma'ana ta kusantar ma'aurata, don haka idan za ki faɗe ta a taro, ki haɗa ta da labarin ko wasan da kike nufi.