Amsa ga mai son nazarin shawarar matuƙin jirgin yaƙi

Ƙanina, na karanta saƙonka inda kake tambaya ko ya dace ka zo Ingila ka yi digiri na biyu a kan yadda za a siffanta, da lissafi da kwamfuta, shawarar da matuƙin jirgin yaƙi yake yankewa ta cilla kansa waje da kujerarsa idan jirgi ya ƙi.

Fannin yana da amfani ƙwarai, amma wuyarsa ba a kujerar take ba. Kamfanin Martin-Baker na nan Ingila ya gwada ta da mutum a sararin sama tun 1946, kuma kujerunsa sun ceci rayuka fiye da 7,000. Abin da yakan kashe matuƙi shi ne jinkiri: hannunsa yana kusa da mariƙin nan mai launin rawaya da baƙi da ke tsakanin cinyoyinsa, amma zuciyarsa tana raya masa cewa zai iya ceto jirgin, ko yana ƙoƙarin kauce wa gidajen mutane, har ƙasa ta matso fiye da yadda lema za ta iya buɗewa. A 2003, a wani wasan jirage a Idaho ta Amurka, Chris Stricklin ya yi kuskuren lissafin tsayi, kuma ya bar jirginsa F-16 saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya bugi ƙasa. Wannan ɗan taƙin shi ne abin nazarinka.

Ka fara da aikin Gary Klein, masanin halayyar ɗan Adam, wanda ya lura da shugabannin 'yan kwana-kwana ya gano cewa ƙwararre a cikin matsi ba ya jera zaɓi yana aunawa, yakan gane yanayin ne da wanda ya saba, sai ya ɗauki matakin farko da ya ga zai yi. Duk lissafin da ya ɗauki matuƙi tamkar mai natsuwa da alƙalami a hannu zai ɓatar da kai.

Abin da ya fi damuna game da kai shi ne bayanai. Sojoji ba sa sakin nasu ga baƙo cikin sauƙi, kuma na'urar kwaikwayon tuƙi ba ta sa wa mutum tsoron mutuwa, ga shi kuwa tsoron nan yana cikin abin da kake son aunawa. Jami'ar Cranfield tana koyar da halayyar ɗan Adam a harkar jiragen sama, kuma wasu darussan a Birtaniya suna buƙatar takardar ATAS, wato izinin gwamnatin Birtaniya na karanta fannonin da ke iya shafar tsaro, kafin biza. Saboda haka, kafin ka biya ko sisi, ka rubuta wa malamin da zai duba aikinka, ka tambaye shi ƙarara waɗanne bayanai ne ɗalibin ƙasar waje zai iya taɓawa.