Tsawon tafiyar jirgi daga Kano zuwa Jidda

Malama, kin tambaya ko awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Jidda, saboda tikitin Umara da kika yanka wa mahaifiyarki ya nuna tashi ƙarfe 11 na dare da sauka ƙarfe 5:40 na asuba, kuma kina tsoron kada zaman ya tayar mata da ciwon gwiwa. Na bi wannan hanya sau da dama ina rakiyar tsofaffi, don haka ga abin da na sani.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe, wato a ratsa Chadi da Sudan sannan a tsallake Bahar Maliya. Jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 850 a awa ɗaya bayan ya daidaita a sama, saboda haka idan aka haɗa da lokacin hawa da na sauka, tafiyar takan tsaya tsakanin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Abin da ya rikita ki shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da ke jikin tikiti na garin da aka ambata ne, don haka ƙarfe 5:40 na Jidda daidai yake da 3:40 a Kano. Hajiya za ta yi awa huɗu da minti arba'in ne a sama. A dawowa kuwa lissafin zai juye, za ki ga kamar awa uku kawai aka rubuta alhali tafiyar ba ta ragu ba.

Sai dai ki tambayi wakilin da ya sayar miki da tikitin hanyar da jirgin zai bi. Bayan yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka koma zagaye, kuma a aikin Hajjin shekarar na ga yadda ƙarin zaman ya galabaitar da tsofaffin da muke tare da su. Idan kuma akwai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, jiran canjin jirgi kaɗai yana iya cinye mata rabin yini, kuma ni ba na ganin sauƙin kuɗin ya kai a wahalar da mai ciwon gwiwa.

Wahalar ma yawanci a ƙasa take. Za ta isa filin jirgi awa uku kafin tashi, ta yi layin awon kaya, a Jidda kuma ta tsaya layin duba fasfo kafin motar Makka, wadda takan ɗauki fiye da awa ɗaya. Wata dattijuwa da na raka ta jure zaman jirgi lafiya lau, amma a layin fasfo ƙafarta ta kumbura har silifas ya ƙi shiga. Ki sa a rubuta mata buƙatar keken guragu a tikitin tun yanzu, a zaɓar mata kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙewa, maganinta kuma ya zauna a jakar hannu. Ta yi wankan harami tun daga gida, domin a cikin jirgi za a sanar da isowa miƙati, a nan za ta ɗauki niyya tana zaune.