Tambaya da Amsa: A ƙwace masa wayar ko a ƙyale shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗa mai shekara 14, wanda muka saya wa waya domin ya riƙa binciken darussa a intanet. Da farko ya amfana, amma yanzu sai ya kai ƙarfe biyu na dare yana kallon bidiyo a ƙarƙashin bargo, ya tashi da safe idanu jajir, in an yi masa magana kuma sai an maimaita sau uku kafin ya ɗago kai. Mahaifinsa ya ce a ƙwace wayar kowa ya huta, ni kuwa ina tsoron kada ya koma aron ta abokai a ɓoye. Mece ce shawararka? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tsoronki yana kan hanya, domin yaron da aka ƙwace wa waya ba da intanet aka raba shi ba, da idon iyayensa aka raba shi.

Ki fara sanin abin da ɗanki yake kokawa da shi. Manhajoji irin su TikTok da YouTube da Instagram daga talla suke samun mafi yawan kuɗinsu, saboda haka ribarsu tana cikin tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana kallo. Shi ya sa da zarar bidiyo ya ƙare wani ke farawa da kansa, kuma manhajar tana lura da abin da yaro ya tsaya a kai, ta yi ta ƙaro masa irinsa. Babba da furfurarsa ma yakan faɗa wannan tarko, balle yaron da bai gama mallakar hankalin kansa ba. Gwamnatoci sun farga: Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, Ostireliya kuma ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga kafofin sada zumunta a 2024. Sai dai babu dokar da za ta leƙa ɗakin ɗanki da tsakar dare.

Daren ne matsalar, don haka a can za a fara gyara. Likitoci suna cewa mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. A tsayar da lokaci, misali ƙarfe tara, da kowace waya za ta kwana a falo a jikin caja. Na ce kowace waya, har da taki da ta mahaifinsa, domin da wuya yaro ya bi dokar da mai kafa ta yake karyawa a gabansa. Manhajar Family Link ta Google tana iya rufe wayar idan lokaci ya cika, amma kada ki saki jiki da ita, don yara sun fi mu sanin hanyar zagaye ta.

Da rana kuwa ki zauna kusa da shi, ki ce ya nuna miki abin da yake kallo, ki saurara ba tare da faɗa ba, ko da abin bai yi miki daɗi ba. Idan bayan wasu makonni har yanzu yana ƙin makaranta, ko yana fusata fiye da kima duk lokacin da aka karɓi wayar, to ku kai shi wurin likita.